Lacca: Wa ya karya kasuwar faifan waƙa?

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, barkanmu da yamma.

Duk wanda ka tambaya abin da ya durƙusar da kasuwar waƙa, zai ce maka satar fasaha ce a intanet. Da gaskiyarsa, amma ni ban yarda ita kaɗai ce ba.

Mu fara da Amurka, tunda can abin ya faro. A 1999 cinikin waƙa a ƙasar ya kai dala biliyan 14.6. Zuwa 2014 ya dawo wajen biliyan 7, rabi ke nan. A 1999 ɗin nan ne wani ɗalibi a Boston, Shawn Fanning, ya fito da manhajar Napster. Waƙar da ke kwamfutarka, wani daga wata jiha ya hango ta ya kwafa, kai ma ka kwafi tasa, ba ko sisi. Abin da ya sauƙaƙa haka shi ne MP3, fasahar da injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci samar da ita, wadda ke matse waƙa ta koma kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinta. Kamfanonin waƙa suka garzaya kotu, a 2001 aka rufe Napster. An kashe maciji ba a sare kansa ba, don Kazaa da LimeWire sun ci gaba daga inda ta tsaya.

To amma me ya sa jama'a suka ruga can? Saurayi ne ya ji waƙa ɗaya a rediyo ta kwanta masa a rai. Ya je shago, aka ce ba a sayar da ita ita kaɗai, sai dai ya ɗauki faifan dungurungum, waƙa goma sha biyu, dala goma sha biyar ko fiye, alhali guda ɗaya yake so. Da gangan kamfanoni suka rage buga faifai mai waƙa ɗaya a ƙarshen shekarun 1990. A 2000 kuma hukumar kula da ciniki ta gwamnatin Amurka ta tilasta wa manyan kamfanoni biyar su daina hana shaguna tallata farashi mai rahusa. Ga wani abin da ake mantawa: kaso mai tsoka na ribar wancan zamani daga mutanen da ke sake sayen tsofaffin waƙoƙinsu a faifan CD yake, waɗanda da suke da su a kaset ko faifan garmaho. Wannan ciniki ne mai ƙarewa, ko da Napster ko babu.

Da Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003, waƙa ɗaya santi 99, mutane suka biya da hannunsu. Ashe ba kyauta kaɗai suke nema ba. Sai dai wanda da yake ajiye dala goma sha biyar, yanzu ɗaya yake ajiyewa. Halaliya ce, amma ita ma ta zaftare kuɗin shiga. A wannan shekarar ce kuma kamfanoni suka shiga maka ɗaiɗaikun masu kwafar waƙa a kotu, dubbai, har da ɗalibai irinku. Wallahi wannan ya ba ni takaici, don mai saye ne suka mayar abokin gaba.

Mu nan Kano ba ta intanet abin ya fara shigo mana ba. Yaro ne a ƙarƙashin lema, da kwamfuta a kan benci. Ka miƙa masa memori da 'yan canji, kafin ka gama shan ruwan leda ya cika maka ita da waƙoƙi ɗari, mawaƙi bai ga ko kwabo ba. Na san wani dattijo mai shagon kaset a Ƙofar Wambai da ya aurar da 'ya'yansa da wannan sana'a. Ranar da na koma wajensa, cajar waya na tarar a kan kantar da faifai ke jere.

Mawaƙi mai suna ya samu mafita, ga biki, ga siyasa, ga YouTube. Wanda ya fi damuna shi ne mai kiɗan situdiyo da ke buga fiyano har asuba, a sallame shi sau ɗaya, waƙar ta zaga wayoyi har Nijar da Kamaru, sunansa ma ba a ambata ba.

Shugaba ya ɗaga mini hannu, lokaci ya ƙure. Mai tambaya ya miƙe.