Katakon zamiya mara nauyi: wanne mace za ta saya idan ta gaji da haya?

Hadiza: Assalamu alaikum, masu saurare. Yau maganar katakon zamiya a kan dusar ƙanƙara (ski) za mu yi, wadda ta cika mana rukunin WhatsApp tun da dusar ta fara sauka a jihar Colorado ta Amurka. Bilki, ke kika tayar da ita.

Bilki: Ni ce, Anti. Lokacin sanyi biyu ke nan ina haya. Hanyoyi masu alamar shuɗi, wato masu matsakaicin wahala, yanzu ina sauko su lafiya lau, amma katakon haya yana gajiyar da ni. Kafin in taso daga wurin ajiye mota a filin zamiya na Loveland in isa gindin dutse, kafaɗata ta yi tsami. Ina son nawa na kaina, mara nauyi, wanda zai shiga ko'ina a dutsen.

Aminu: Ai kowa a rukunin sai cewa yake ta sayi wanda ya fi kowanne rashin nauyi.

Hadiza: To nan ne nake da magana. Bari mu fara da ƙugu, wato faɗin tsakiyar katakon, daidai ƙarƙashin ƙafa. Lambar da kike gani a jikin sunan, yawanci ita ce wannan faɗin a milimita. Blizzard Black Pearl 88, ƙugunsa 88 ne. Ga mace kamar ki, wadda ta wuce koyo amma ba ta kai ga hanyoyi masu alamar baƙi, wato masu wuya, kullum ba, ni ina ganin tsakanin 85 da 95 ya isa. Idan ya haura 100, ranar da dusa ta sauko sabuwa zai yi daɗi, amma sauran ranaku sai kin yi ƙoƙari kafin ki kwantar da shi kan gefensa, kuma gwiwa ce za ta biya.

Bilki: To nauyin fa?

Hadiza: Ina zuwa. Katako mara nauyi yana juyawa da sauƙi, ba ya cin ƙafa. Matsalarsa ita ce idan ƙanƙarar ta daskare ta yi tauri, ko da la'asar da mutane suka tattake hanya ta zama tudu da kwari, sai ki ji bakinsa yana karkarwa. Shi ya sa kamfanoni suke sa siririn ƙarfe a ciki, wanda ake kira Titanal. Sunan ya yi kama da titaniyam, amma asalinsa haɗin aluminiyam ne. Völkl Secret 96 yana da shi, yana riƙe ƙasa da kyau, sai dai yana son mai gudu da ƙarfin ƙafa. Ke ba shi nake so ki fara da shi ba. Ki duba Elan Ripstick 94 na mata, daga Silobeniya. Su sandunan kabon suka sa a ciki maimakon ƙarfe, don haka bai da nauyi kuma yana da natsuwa. Akwai kuma Head Kore, wanda aka yi cikinsa da wani itace mara nauyi, karuba.

Aminu: Ripstick ɗin nan ba shi ne mai dama da hagu ba?

Hadiza: Shi ne, Malam Aminu. Kamar takalmi, kowace ƙafa da nata, an rubuta a jiki.

Aminu: Ƙanwata da ke jihar Vermont fa? Can ƙanƙara ce mai tauri kamar siminti.

Hadiza: Ita ta sauko zuwa 80 ko 88, ta yarda da ɗan nauyi da ɗan ƙarfe. Inda mutum yake zamiya shi ke zaɓa masa katako.

Bilki: Anti, kafin in manta, an tambaye mu batun hijabi a ƙarƙashin hular kwano.

Hadiza: Siriri mai manne kai, ba mai fil ba. Fil da sanyi da faɗuwa ba sa haɗuwa.

Aminu: Sannan a riƙe fulas na shayi.

Bilki: Shayi kuma? Kunun gyaɗa dai. Ranar nan a kan kujerar da ke hawa da mu, wata Baturiya ta ji ƙamshin tsamiya, ta yi ta tambayata mene ne wannan.

Aminu: Kunu yana kauri a sanyi. Shayi da citta da kanumfari, shi ne maganin dutse.

Bilki: Idan fulas ɗin na kirki ne, har azahar yana nan da zafinsa.

Aminu: Sai ki nemi cokali a sama.

Bilki: Ba sai an dama shi da ruwa-ruwa ba?

Hadiza: Ni duka biyun nake sha, ku bar ni in gama da batun tsawon katako. Ki tsayar da katakon a gabanki, ya faɗa tsakanin haɓarki da saman kanki. Waɗannan na ko'ina bakinsu a lanƙwashe yake sama, ba dukansa ke taɓa ƙasa ba, don haka yana jin ya fi gajarta fiye da yadda aka auna shi. Kada tsoro ya sa ki ɗauki wanda bai kai haɓa ba, shekara ɗaya za ki wuce shi. Kuma rubutun "na mata" kada ya ɗaure ki. Nauyin jikinki ne ke lanƙwasa katako. Mace doguwa mai jiki tana iya jin daɗin katakon maza fiye da na mata. Shagunan da ke gindin dutse suna ba da sababbi haya don gwaji, wasu har ki canza a yini ɗaya. Ki gwada biyu ko uku, da safe da kuma la'asar.

Bilki: Mun ce za mu yi maganar takalmi da abin da ke riƙe shi.

Aminu: Magariba ta kusa, ga ɗauko yara.

Hadiza: To a gurguje: takalmi ya fi katako muhimmanci, a fara da shi, kuma ma'aikacin shago ne zai saita miki maɗaurin, kada ki taɓa da kanki. Sauran sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.