Kafin ka sa wa ƙaramar motarka manyan wili: laccar da aka yi wa direbobi a Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da ke gaba, Alhazai, da ku samari masu jan Uber da Bolt, sannunku da haƙuri, na san wasu sun ajiye aiki suka zo, to bari mu shiga maganar kai tsaye.

Abin da nake gani kullum a gareji shi ne yaro ya samu Corolla, wata biyu bai yi ba sai ya tafi kasuwar kayan mota ta Ladipo ya ga wili mai ƙyalli inci 17 ko 18, mai shago ya ce masa ai zai hau, ya biya ya ɗaura, bayan sati uku ya dawo wai mota tana rawa, wai taya tana gugar madgad, wai mai yana ƙarewa da wuri. Ban hana ku gayu ba, motarku ce. Amma akwai lissafi, kuma lissafin a jikin tayar yake a rubuce.

Ka duba gefen tayarka za ka ga misali 195/65 R15. Wannan 195 ɗin faɗin tayar ne da milimita. 65 kuma kaso ne, wato tsayin gefen tayar, robar nan da ke tsakanin wili da ƙasa, kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, kusan milimita 127 kenan. 15 shi ne girman wilin da inci. In ka haɗa duka, tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan milimita 634 ne, to wannan lambar ita ce ba a son ta canza, don a kanta kamfani ya auna maleji da giya da birki da komai. In ka ƙara wili dole ka rage gefen taya. Daga 195/65 R15 za ka koma 205/55 R16, tsayinta kusan 632, kaga bambancin ba komai ba ne. In ka nace sai 17, to 215/45 R17 ce, kusan 625. Masu sana'ar suna cewa kar bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100.

Amma me samarinmu suke yi? Sai su sayi wili 17 sannan su ɗaura 215/55 saboda ita ce ta fi araha a gwanjo, tayar Camry ce ai, tsayinta ya kai 668. Sama da kashi 5 ka ƙara. Malejinka na nuna 100 alhali kana kusan 105, mota ta yi nauyin tashi, ka ɗauki mutum uku a baya da kaya a but, kowane rami sai ka ji ƙurrr, taya na cin madgad.

To yanzu maganar da ta fi damuna. 215/45 R17 lissafinta daidai ne a takarda, amma gefenta milimita 97 ne kawai, ka zubar da kusan milimita 30 na robar da take shanye duka. Mu fa a Legas muke. Ruwa ya sauka a watan Yuni ko Yuli, titi ya cika, ba ka ganin rami sai ka faɗa. Mai 15 zai faɗa ya fita, mai 17 zai faɗa taya ta yi ƙulu a gefe ko wili ya lanƙwashe ko ya tsage, kuma taya in ta yi ƙulu zaren cikinta ne ya tsinke, ba mai facin da zai gyara maka ita, a jefar kawai. Dukan da robar ba ta sha ba kuma shoka da boris ne za su sha. Ni dai a ra'ayina mai neman abinci da ƙaramar mota a garin nan ya tsaya a 15, in gayun ya motsa ya hau 16, shi kenan.

Sai ramukan noti. Wai duk biyar-biyar ne, a'a Malam. Corolla ɗin Amurka na 2003 zuwa 2013 da suka cika garin nan 5x100 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 100, Camry kuma 5x114.3, haka Civic daga 2006. Wasu ƙananan irin Yaris huɗu ne, 4x100. In bai hau da kansa ba kar ka bari a faɗaɗa rami ko a matse shi da ƙarfi, wallahi na ga ana yi. Ramin tsakiya ma haka, na Corolla milimita 54.1 ne, wilin kasuwa yawanci ana yinsa da faɗi don ya hau motoci da yawa, sai an sa zobe ya cike gurbin, in ba haka ba ka hau gadar Third Mainland ka taka sitiyari ya fara karkarwa, ka yi ta biyan kuɗin balansin a banza. Sannan a bayan wilin akwai ET da lamba, shi ke nuna ko wili zai shige ciki ko ya fito waje. Ka nemi wanda ya yi kusa da naka na asali. Ya shige da yawa ya taɓa shoka ko birki, ya fito da yawa boris ya wahala.

Noti kuwa, dan Allah ku saurara. Na wilin alminiyam na Toyota na asali mai washa ne, wato zoben ƙarfe shimfiɗaɗɗe, na Honda ƙasansa zagaye, wilin kasuwa kuma yawanci mai tsini yake so. Ka haɗa wanda ba nasa ba, zai ɗauru kamar lafiya, a hanya ya kwance. Kuma a daina hawa kan sifana da ƙafa ana tsalle, bayan ka yi tafiyar kamar kilomita 50 zuwa 100 ka sake duba su.

Wani ɗan uwa can baya yana tambaya wai tokumbo fa? To ƙanena, a dokance ma tayar gwanjo tana cikin kayan da Kwastam suka hana shigowa da su, amma dai mun san tana kasuwa. In ka ga dole, nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekarar da aka ƙera ta, 2319 yana nufin sati na 23 a 2019. Mutanen Road Safety shekara huɗu suke lissafa wa taya daga lokacin da aka ƙera ta. Ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinta, ta sanyin Turai ce, robarta taushi gare ta, kwaltarmu mai zafi za ta cinye ta da wuri. Ka duba lambar nauyi ma, 91H misali, 91 kilo 615 ne kowace taya, kar ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta a takardar da ke jikin ƙofar direba, a nan ma aka rubuta iskar da za ka sa, ba wadda mai faci ya ga dama ba.

An ce min an kusa kiran sallah. Mai Picanto ɗin nan da ya ɗaga hannu tun ɗazu, ka jira ni a waje bayan la'asar mu duba tayarka tare, don ƙila 14 ce taka kuma lissafinta daban.