Amsoshin Tambayoyinku: Windows 10 ta tsufa, a sauya ko a dakata?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon da yawansu kan abu ɗaya suka faɗa, sai ka ce an haɗa baki. Na zaɓo uku, kuma wanda bai ji tasa ba ya yi haƙuri, mai yiwuwa ya tsinci amsarsa a cikin waɗannan.

Ta farko daga unguwar Yelwa a nan Garwa ta fito, daga wani bawan Allah mai shagon buga takardu da fotokofi, wanda ya ce a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto: "Kullum na kunna kwamfutata sai wani saƙo ya tare allon, wai Windows 10 ta ƙare, in koma Windows 11. Yaron da ke mini gyara ya ce in ba shi kuɗin aiki ya ɗora mini yau-yau. Ni kuwa da injin nan nake ciyar da gida. Dole ne in sauya?"

To Malam, da farko dai ka kwantar da hankalinka, kwamfutarka ba za ta mutu gobe ba. Windows ita ce babbar manhajar da ke riƙe da komai a cikin injin, ita ke haɗa allo da madannai da firinta, sauran manhajoji kuma a kanta suke zaune kamar 'yan haya a gida. Windows 10 ta fito ne a watan Yulin 2015, kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da ita ranar 14 ga Oktoban 2025. Daina kula da ita ba yana nufin an kashe ta ba. Za ta ci gaba da kunnuwa, za ka ci gaba da buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki. Abin da ya tsaya shi ne gyaran da kamfanin yake aikowa duk wata don toshe ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano. Ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da can in ya tsage a zo a yaɓe, yanzu kuwa magini ya tattara kayansa ya tafi.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja da ake kira WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Wata biyu kafin nan Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan ɓaraka. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su ɗauki gyaran ba, da masu tsofaffin Windows da aka daina kula da su.

Kai kuma, Malam, shagonka mashigar kowa ce. Ɗan makaranta ya zo da filash ɗinsa, ko kile kamar yadda yaranmu ke faɗa, ɗan kasuwa ya ce a buɗe masa imel a fitar masa da takarda, wani ya turo ta WhatsApp. Don haka ni shawarata ka sauya, amma ba yau-yau ɗin yaronka ba, kuma sai in injin zai iya ɗauka.

Nan ne gizo ke saƙar. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa. Tana son aƙalla giga 4 na RAM, wato wurin da injin ke riƙe aikin da yake kan yi, da giga 64 na ma'aji, da wani ɗan abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Sharaɗin da ya fi kayar da kwamfutocin da ke hannunmu shi ne na firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin: in ta Intel ce, sai daga zubi na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Mu kuwa yawancin abin da ake sauke mana daga Duwala na hannu ne, ofisoshin Turai sun gama morarsu. Hanyar ganewa ba wuya. Duba lambar firosesar. In ka ga i5-6300, wannan 6 ɗin da ke bin ɗan layin shi ne zubin, ke nan ba ta kai ba. In ka ga i5-8250, ta kai. Akwai kuma wata ƙaramar manhaja ta Microsoft mai suna PC Health Check, kyauta ce, cikin minti ɗaya za ta gaya maka gaskiya. In injinka ya cika sharaɗi kuma Windows ɗinka ta halal ce, sauyawar ba a biyan ko dala.

Yanzu yaronka zai ce maka ai shi ya san dabara, ko wace tsohuwa ce zai ɗora mata. Bai yi ƙarya ba, dabarar tana nan, masu gyara suna yi kullum. Sai dai kamfanin ya faɗa ƙarara cewa injin da aka yi wa haka bai yi masa alkawarin gyare-gyaren tsaro ba. Ka ga ke nan an gudu ba a tsira ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sannan kafin ka taɓa komai, ka tabbatar firintarka da sikanarka suna da direban da ke aiki da Windows 11, wato 'yar manhajar da ke haɗa su da kwamfuta. Wasu tsofaffin injinan bugu direbansu na Windows mai bit 32 ne kawai, ita kuwa 11 ba ta da irin wannan zubi sam. Ka wayi gari da sabon allo mai kyau, firinta ta yi shiru, layin mutane a ƙofa, wa gari ya waya?

In injin bai kai ba kuma ba kuɗin wani yanzu, Microsoft ya buɗe wani shiri na ƙarin gyaran tsaro ga masu Windows 10 na gida, a kan dalar Amurka 30, wa'adinsa 13 ga Oktoban 2026. Numfashi ne kawai na shekara ɗaya, kafin mutum ya tara kuɗin wata.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce a Jami'ar Ngaundere. Ta ce: "Ina tsakiyar rubuta kundin kammala digiri, saura wata biyu in miƙa. Kwamfutata ta nuna cewa ta cancanci Windows 11. In danna?"

Ƙanwata, kada ki danna. Ki gama kundinki tukuna. Ba a sauya rufin ɗaki ana tsakiyar ruwan sama.

Bari in ba ki labarin kaina, ko da yake da kunya. Wata bazara, lokacin da ruwan madatsar Lagdo kan ja baya a shiga rabon wuta, na zauna bayan sallar isha'i na ce bari in sabunta tawa. Batirinta ya daɗe da mutuwa, a jikin soket kawai take rayuwa. Allon ya rubuta kada a kashe, lamba tana hawa a hankali, ina zaune ina fifita da kwali. Tana cikin hawa sai ɗif, unguwa ta yi duhu. Da wuta ta dawo da asuba na kunna, ba tsohuwar ba sabuwar, sai wani ɗan zobe da ke ta juyawa. Mai gyara ya ceto wasu abubuwa, amma hirarrakin da na naɗa da wasu dattawa, biyu daga cikinsu yanzu sun riga mu gidan gaskiya, ba su dawo ba. Ban ɗora wa kowa laifi ba, ni ne ban kwafe su a wani wuri ba.

Saboda haka ko ba ki sauya komai ba, yau ɗin nan ki kwafe kundin a filash, ki kuma aika wa kanki da shi ta imel. Bayan kin kare aikinki gaban malamai, sai ki nemi ranar da batiri ya cika, ga wuta, ga intanet mai ƙarfi, don abin da za a sauke ya kai giga da yawa, in da datar waya ce sai ta tsotse ki. In kin sauya kuma ba ta yi miki ba, akwai kwana 10 da za ki iya komawa Windows 10 daga cikin saituna. In sun wuce ƙofar ta rufe, sai dai a goge a sake sabon lale. Kada kuma ki firgita in kin ga maɓallin farawa ya koma tsakiyar allo, ana iya mayar da shi hagu inda kika saba. Wani abu da ke damun mutanenmu: in mai gyara ne zai ɗora miki daga tushe, ki tsaya a kansa ya zaɓi Faransanci da madannai na AZERTY, in ba haka ba ki danna A ta fito miki da Q.

Ta uku gajeriya ce, daga wani Alhaji a Injamena. Ya ce tasa ta kai shekara goma sha biyu, Windows 7 ce a kai, tana nauyi kamar jakin da ya ƙoshi, shin sabuwar Windows za ta sa ta gudu?

Ranka ya daɗe, ba za ta sa ba, ƙara mata kaya ma za ta yi. Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020 aka daina kula da ita. In lissafin shago kawai kake yi a kanta ba ka haɗa ta da intanet, bar ta ta ci gaba da aikinta, amma kada ka shiga asusun banki da ita. Maganin nauyi kuwa a wajen mai gyara yake: ya buɗe ta ya hure ƙurar hunturun da ta toshe fankar, ya cire tsohon faifan ajiyar nan mai juyawa ya sa SSD, wato sabon ma'aji mai sauri, in da hali ya ƙara RAM. Sau da yawa wannan kaɗai kan mayar da tsohuwa yarinya.

In kuma kana son shiga intanet da ita cikin kwanciyar hankali, akwai wata babbar manhaja irin Windows wadda ba ta Microsoft ba, wato Linux. Kyauta ce, kuma ba ta raina tsohon inji. Iri-iri ce: akwai Ubuntu, wadda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya assasa a 2004, akwai kuma Linux Mint wadda fasalinta ya yi kama da Windows ɗin da ka saba. Tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Amma in akwai wata manhaja ta musamman da kake lissafin kaya da ita, tambayi mai gyara ko za ta yi aiki a can, don da yawa ba sa yi. Ana iya gwada ta daga kan filash ba tare da an goge komai ba. Ka sa ɗanka ya kunna maka ita haka, ka yini kana latsawa, in ba ta kwanta maka ba a zare filash ɗin, kwamfutarka na nan yadda ka bar ta.

Ga injiniyanmu can bayan gilashi yana nuna mini agogo. Wasiƙar mai tambaya daga Marwa kan wayar da ta ƙi karɓar sabuwar Android tana nan a hannuna, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.