Jika 50 na canza a Sakkwato, aljihu ya kasa ɗauka

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi hannuna, ku dubi wannan ƙunshi. Wallahi har yanzu jikina bai daina rawa ba. Ina Sakkwato, yau kwanana uku da barin Konni, kuma yanzun nan na taso daga wurin 'yan canji. Takarda biyar kacal na miƙa, 'yan jika goma-goma, wato sefa 50,000. Dattijon ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, mi kake biɗa, manya ko ƙanana?" Na ce Baba duk wanda ya samu. Ya danna ƙididdigarsa, ya jawo daure biyu da rabi na 'yan 500, naira 125,000. Sai da na nemi leda, aljihun rigata ya ƙi ɗauka.

Abin da ya sa na tsaya sororo, mahaifina ne ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Shi ma wannan hanyar ya bi shekara da shekaru, Konni zuwa Illela zuwa Sakkwato, yana saro atamfa da goro. A zamaninsa naira ce sarauniya. An fito da ita ranar 1 ga Janairun 1973, lokacin Gowon, aka ce fam ɗaya naira biyu. Wajen 1980 ta fi dalar Amurka ƙarfi, a farashin banki naira guda na neman sefa 400. Yakan ce idan baƙo daga Najeriya ya zaro 'yar Murtala, naira 20, a kasuwar Konni, sai rumfa ta yi tsit. Yau ga ni, jika ɗaya ta ba ni naira 2,500. Ruwan leda da na sha ɗazu ma ya fi 'yar Murtalar nan tsada.

Af, tunda na ce jika, ku kiyaye da wannan. Wurinmu jika sefa 1,000 ce, dala 200, don da dala muke lissafi, kowace dala tamma biyar, wato sefa biyar. Nan kuwa tsofaffi idan sun ce jaka, naira 200 suke nufi, tun daga jakar fam ɗari ta zamanin Turawa. Jiya wata gwoggo mai fura a bakin tashar Illela ta ce mini jaka biyu, na kusa miƙa mata sefa 2,000 kan furar naira 400. Ita ta riƙe mini hannu ta ce, "A'a ɗan nan, ba naku ba, namu." Allah ya saka mata. Furar kuwa ta yi, ga kauri ga yaji, amma ban ga wadda ta kai ta gidanmu ba, da nonon da Fulani ke kawowa da sassafe.

Kada 'yan uwana na Nijar su ga ledar nan su ɗauka mu ba mu taɓa shan wuya ba. Ina lakwal a Janairun 1994, zamanin Mahamane Usman, aka zauna a Dakar aka raba darajar sefa biyu. Da sefa 50 ke sayen faran ɗaya na Faransa, aka wayi gari sai 100. Na tuna mahaifiyata ta dawo daga shagon magani hannu wofi, kuɗin da ta ƙulla a bakin zane bai kai ba. Tun 1999 aka ɗaure sefa da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Ƙarfin da kuke gani daga nan yake. Shi ya sa maganar sabon kuɗin ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, ke sa ni farin ciki da fargaba a lokaci guda. Ina son mu riƙe namu da hannunmu, amma na ga yadda naira ta zube tun daga SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, a 1986, na kuma ga yadda ta faɗi warwas bayan an sake ta a Yunin 2023, har dalar Amurka ɗaya ta haura naira 1,500.

Kuma ku ji ni da kyau, masu ajiye naira a gida don sun same ta da araha. A 1984 gwamnatin Buhari ta sauya launin kuɗin, ta rufe iyaka. Mahaifina na da naira cike da akwati a Konni, bai samu hanyar shigo da ita ba har wa'adi ya cika. Jarinsa na shekaru ya zama takarda. A shekarar ce aka yi yunwar da har yau tsofaffinmu ke kira El-Buhari. Ni dai duk abin da na canza, kaya nake mayar da shi kafin in kwana biyu. Kada kuma ku yi canji a bakin iyaka da magariba, kuma ku warware daure ku ƙirga a gaban mai shi, ko da layi ya kai ina.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne mai takalman fata da na tsaya wurinsa a Tsohuwar Kasuwa. Aikin hannu, jar fatar Sakkwato, ya ce naira 6,000. A kuɗinmu bai kai jika biyu da rabi ba. Na buɗe baki zan taya, sai na kasa. Kakarsa 'yar Tawa ce, ya ce, harshenmu ɗaya, Shehunmu ɗaya. Na biya yadda ya faɗa, na ƙara ƙafa biyu na yara.

Bari in ɓoye ledar nan, an fara kiran la'asar. Daga masallaci Hubbare za mu wuce ziyara, mai adaidaita ya ce naira 300.