Ƙaramin rumbun bayanai da amfaninsa ga mai injin casar shinkafa

Assalamu alaikum masu kallo. Yau muna yankin Kura a jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake noman shinkafa rani da damina. Ku ɗauka ga wani injin casa a bakin titi. Kullum ana rubutu a cikinsa: mai sikeli yana rubuta buhunan shansherar da suka shigo, akawu yana rubuta bashin manoma, mai sito yana rubuta abin da ya fita zuwa Dawanau. Idan aka tattara duk wannan a kwamfuta wuri guda, an sami babban rumbun bayanai.

To amma kun san rumbu. Uwargida ba ta shiga cikinsa duk lokacin da za ta ɗora tukunya. Maigida ne ke ɗebo mata awonta, ta ajiye a ɗaki kusa da hannu. Haka ƙaramin rumbun bayanai yake, wanda masana kwamfuta ke kira data mart. Yanki ne da aka ware wa sashe guda, ko saye, ko sayarwa, ko kuɗi, aka tsara shi daidai da tambayoyin wannan sashen.

Mu ɗauki mai sayen shanshera. Kaka ta yi, farashi ya sauko, Alhaji mai injin ya ce masa: "Malam, daga ina za mu cika sito bana?" A nasa ƙaramin rumbun babu albashin ma'aikata, babu kuɗin man janareto. Abin da ke ciki shi ne ranar saye, kasuwa, dillali, farashi, danshin shinkafar, da yawan tsabar da kowane buhu ya bayar bayan casa. Nan take zai iya ganin cewa kayan wani dillali sun fi araha, amma danshi ya yi musu yawa, suna karyewa a inji. Ashe arhar ba ta riba ba ce. Da a littattafai ne, sai ya kwana uku yana buɗe shafi, kasuwa kuma ta tashi. Akwai kuma sirri, domin mai saye ba ya ganin abin da ba huruminsa ba.

Yadda ake cika rumbun bayanan mataki uku ne: a kwaso bayanai, a tace su, a zuba. Tacewar ce aikin gaske.

Masana biyu a Amurka sun sha bamban kan ta inda za a fara. Bill Inmon ya ce a gina babban rumbu tukuna, ƙananan su riƙa ɗiba daga cikinsa. Ralph Kimball, wanda littafinsa ya fito a 1996, ya ce a fara da ƙananan, amma da sharaɗin ma'auninsu ya zama ɗaya. Ga ɗan kasuwa mai ƙaramin ƙarfi a karkara, ni dai hanyar Kimball ta fi kwanta mini, saboda ta fi sauƙin kuɗi kuma ana ganin amfaninta da wuri.

Sharaɗin nan nake so ku riƙe. Mene ne buhu? A wurin mai saye, buhun shanshera ne da aka ɗinke a kasuwa, nauyinsa ya danganta da wanda ya cika shi. A wurin mai sayarwa kuwa, kilo 50 ne na tsaba. Idan kowane sashe ya gina nasa rumbun bai tuntuɓi ɗan'uwansa ba, ranar lissafi za a kawo wa Alhaji adadi biyu, kowa ya rantse nasa ne daidai. Don haka kafin a kunna kwamfuta, a zauna da mai sikeli da akawu da mai sito, a mayar da komai kilo, a kuma daidaita yadda ake rubuta sunan kowace kasuwa da kowane dillali.