Malfar Jaji: Jawabin Daren Karramawa

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata da maza, 'yan'uwa da suka baro aiki suka keto sanyin Ingila, sannunku da zuwa.

Kwanakin baya 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida: a rubuto tarihin macen da ta yi fafutukar 'yancin mata. Na leƙa, sai na ga duk sunayen Turawa ta jera. Na ce, "Ke, ina Nana Asma'u?" Ta ce, "Wace ce, Baba?" Wallahi kunya ta kama ni, don laifin nawa ne.

Na zaunar da ita. Na ce 'yar Shehu Usmanu ce, an haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Amma abin da ya fi burge ni shi ne 'Yan Taru. Ta ga matan ƙauye ba su da halin barin gida su zo Sakkwato karatu, sai ta zaɓi dattijai mata amintattu, ana kiran kowace jaji. Ita da kanta take ɗora wa jaji malfa, ta naɗa mata jan rawani. Jaji ta zo da ayarinta na tsofaffi da 'yan mata, su haddace waƙoƙin ilimi, su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu. Malfa fa, wadda aka sani a kan maza! Duk wanda ya ce mana karatun mata baƙon abu ne da muka tsinta a Turai, a tambaye shi wa ya ɗora wannan malfar.

Hajiya Gambo Sawaba kuwa wuya ta sha. An yi mata aure tana shekara 13, ta shiga jam'iyyar siyasa ta NEPU, an ɗaure ta sau 16. Tana yawon neman wa jam'iyya ƙuri'a alhali ita ba ta da ikon jefawa, domin sai a 1976 matan Arewa suka samu wannan dama. Yau akwai babban asibiti da sunanta a Zariya. Da ranta kuwa, zagi ta fi sha.

Shi ya sa kwamiti ya ce ba za mu jira sai mutum ya kwanta dama ba. Mutum biyu za mu karrama.

Ta farko kun san ta. Ita ce ake buga wa waya ƙarfe biyun dare idan naƙuda ta kama amaryar da aka kawo daga gida, ba ta jin Turanci, miji yana wurin aiki. Na taɓa ganinta a tashar bas da asuba, riƙe da jakar haihuwar wata, ga safa ta ɗora a kan silifas. Daga baya kuma ba ta ƙyale su, sai ta ga sun shiga ajin koyon harshe.

Na biyu limaminmu ne. Shi ya hau mumbari ya faɗa mana abin da ba mu so ji ba: muna aika kuɗi gida a sayi fili, a takarda mu sa sunayen 'ya'ya maza kaɗai, alhali Allah da kansa ya yanka wa 'ya mace rabonta a Suratun Nisa'i. Ranar wasu ba su tsaya musafaha ba. Ni ma sai da na kira ƙanina a Katsina aka gyara wata takarda.

Shugaba, ka yi mini afuwa, zan ɗan taɓa mu. Wannan tuwo da miyar taushe, mata ne suka kwana suna yi, amma a kwamitin gudanarwa kujera ɗaya ce tasu. Zaɓe na tafe.

Bana ba mu sayi allon gilashi ba. Malfa biyu muka sa aka kawo mana daga Sakkwato. Hajiya, Malam, bismillah, ku taso. 'Yata ce za ta miƙa muku.