Jawabin jami'in walwala a taron ƙungiya na wata-wata, Bronx

Shugaba, a gafarce ni, rahoton kuɗi zai ɗan dakata. Maganar ɗanmu ce ta tsaya mini a rai. Ba zan kama suna ba, duk kun san shi, mahaifinsa yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan. Tun da aka sallamo shi daga gidan jinyar masu shaye-shaye, mutum nawa ne a ɗakin nan suka taka ƙafa suka je gaishe shi? Kada kowa ya ɗaga hannu.

Ciwon baya ya samu a wurin aiki, aka rubuta masa oxycodone, maganin kashe zafi mai ƙarfi da jiki ke sabawa da shi. Magani ya ƙare, jiki ya riga ya saba, ya koma saye a titi, kuma abin da ke yawo a titi yanzu fentanil ne, ƙwaya mai tsananin ƙarfi da ɗan kaɗan ɗinta kan kashe mutum. A 2022 kaɗai sama da mutum 100,000 ƙwaya ta kashe a Amurka, a birnin New York kuwa Bronx ɗin nan tamu ce abin ya fi ci. Kada a ce ciwon Turawa ne. Mun ga yadda kodin da tiramol suka yi da yaranmu a Kano, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Ku saurare ni da kyau, 'yan uwa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne wannan da yake ciki. Jikinsa ya yaye ƙwayar, saboda haka adadin da yake sha a da, yau shi zai tsayar masa da numfashi. In ya zame yana ɗaki shi kaɗai, wa zai kira 911? Likitoci sun ce ya rabu da tsofaffin abokai, ya rabu, ya goge lambobinsu. Mu da ya kamata mu cike gurbin, sai muka ja jiki. A gida da ko majalisar mai shayi ta ɗebe masa kewa, da wata gwaggo ta aiko da tuwo ta haɗa da faɗa. A nan bango huɗu ne da waya, ga dare mai tsawo na hunturu. Dillali kuwa bai manta da shi ba.

Kullum da asuba yana fita cikin sanyin nan ya je asibiti ya sha metadon, maganin da ke kwantar da ƙishirwar ƙwaya. Na ji an ce masa ya bari, wai canjin ƙwaya ne kawai, ruƙiyya ta wadatar. Baban da ya faɗi haka, da girmanka, don Allah a daina. A yi masa addu'a, a bar shi da maganinsa. Iyayenmu mata, mahaifiyarsa ta daina zuwa taro saboda abin da ake rubutawa a WhatsApp. Haba!

Kuɗin wata: da yawa ba ku biya ba, ma'aji yana bakin ƙofa. Gyaran ɗakin taro sai wata mai zuwa.

Narcan, wanda ake fesawa a hanci a farfaɗo da mutumin da ƙwaya ta sumar, tun 2023 ana sayar da shi ba sai da takardar likita ba. Ina roƙon a saya a ajiye a ofis, a kai ɗaya gidansu. Ga takarda nan za ta zagaya. Ina son mai ɗaukar shi zuwa Juma'a, da mai kiran shi bayan isha'i, da gidan da zai ci abincin Lahadi. Matasa, ku ne sa'o'insa, ku fara rubuta suna. Ranar Talata tawa ce.